Mutumin Da Ya Kwashe Dukkan Asabar

Akwai wani ɗan kwangilar gine-gine a nan Atina da ake kira Stamatis. Masu bibiyar wannan shafi, ku gyara zama, domin labarin mutumin nan ya daɗe yana ci mini rai.

Stamatis ba marowaci ba ne. In kuka zauna cin gasasshen kifi da shi, faɗa zai yi da kai a kan wanda zai biya. Ciwonsa guda ne: ba ya iya ganin abu a sake bai ɗora hannu a kai ba. Shi ne irin mutanen nan da ke dasa kujera a bakin titi don tare wurin ajiye mota, alhali motar tana gareji.

Su uku suka haɗa kuɗi suka sayi wani ɗan ƙaramin jirgin sama mai kujera huɗu. Akwai Lefteris mai kantin magani, wanda ya riƙe wa Stamatis kambin aure ranar bikinsa, shi ya sa suke kiran juna kumbaro. Sai Fotini, likitar dabbobi, mace marar hayaniya wadda ta fi su duka iya saukar da jirgi.

Don kada a yi rigima, suka buɗe shafi a intanet mai kama da kalanda. Ranar da babu kowa koriya ce. In wani ya latsa, sai ta koma ja da sunansa a jiki, kuma shi kaɗai shafin zai aika wa lambar buɗe akwatin da makullin jirgin yake ciki. Wanda ya riga latsawa, ranar tasa ce. Ba su sa iyaka ba, don a ganinsu abokai ba sa buƙatar iyaka.

To, ranar sabuwar shekara, ana can ana yanka wainar biki, Stamatis ya keɓe da wayarsa ya bi kalandar nan. Duk Asabar da Lahadi ya mayar da su ja, tun daga Janairu har ƙarshen kaka. Ranakun aiki ya bar musu, su da ɗaya ke tsare a kanti, ɗaya kuma ke fama da karnukan mutane.

Lefteris ya kira shi yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Kumbaro, yatsanka ne ya maƙale a waya, ko Amurka za ka je ka dawo duk mako?"

"Kila in buƙata," in ji Stamatis. "In ba zan tashi ba, ai zan sake muku."

"Yaushe?"

"In na tabbata."

Bai taɓa tabbata ba. Asabar za ta zo ta wuce, jirgi na ɗaure a fili da rigarsa ta tamfol, sunan Stamatis na zaune a shafi, shi kuma yana can yana duba ma'aikata. Bai ci ba, ya hana mai ci.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na Fotini. Mahaifinta ya rasu, za a yi masa addu'ar arba'in a garinsu, mahaifiyarta kuma ciwon ƙafa ya hana ta doguwar tafiyar mota. Ta roƙi Stamatis Asabar ɗaya tak.

"Wallahi da na so," ya ce mata, "amma kila wani baƙo ya zo mini daga Jamus. Kin ga doka doka ce, ni na riga latsawa."

Haka ta kwantar da tsohuwa a bayan mota suka yi wuni a hanya. Da suka bi ta gefen filin, ta hango jirgin a ɗaure. Baƙon Jamus bai zo ba. Daga ranar ta daina buɗe shafin. Lefteris ma haka. Aka ci gaba da zaman doya da manja.

Ana nan sai matar ɗansa Nikitas ta haifi namiji. Kun san yadda ake yi a ƙasar nan: ba a kiran jariri da suna sai ranar baftisma a coci, kuma jikan fari na namiji sunan kakansa na wajen uba yake ɗauka. Stamatis ya cika gari da labarin takwara. Har sarƙar zinare ya saya.

Sai dai Nikitas ya same shi ya gaya masa gaskiya.

"Baba, ranar bikina ka zo an fito daga coci. Ranar da aka haifi yaron nan kana wurin gini. Matata tana so a sa sunan babanta, Haralambos, shi da ke goyon yaron kullum. Na ce mata al'ada al'ada ce. Amma in ba ka nan ranar Lahadin baftismar, ba ni da bakin magana."

"Kai yaro, ni da nake da jirgi za ka yi wa wa'azin makara?"

A makon baftismar, ya tafi tsibirinsu, wani ɗan tsibiri can kudu inda yake gina ɗakunan baƙi. Da jirgin ruwa ya tafi, saboda ya loda tayil da famfuna a motarsa. Niyyarsa ya dawo ran Juma'a. Sunansa kuwa yana nan ja a shafi, Asabar da Lahadi, kamar kullum.

Ran Juma'a ya sauko tashar ruwa ya tarar da mutane cirko-cirko da akwatuna. Ma'aikatan jiragen ruwa sun shiga yajin aiki, kuma babu wanda ya san ranar janyewa.

Ya ruga ofishin tikitin jirgin sama. Ɗan jirgin fasinja da ke zuwa sau biyu a mako ya cika tun da safe, na gaba kuma sai Talata. Ya bi masunta ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya ce kwalekwalensa na kan tudu ana fenti, wancan ya kalle shi ya ce, "Atina? Da wannan injin? Sai dai mu isa ranar auren yaron."

Da ya ga tsibiri ya rufe da shi, sai ya tuna shi mai jirgi ne. Hankalinsa ya ɗan kwanta. Asabar da safe ya kira Lefteris.

"Kumbaro, ɗauko jirgin nan ka zo ka fitar da ni. Gobe baftisma."

Sai Lefteris ya ce:

"Kumbaro, takardar lafiyata ta matuƙi ta ƙare tun bazara. Ban sabunta ba."

"Wane irin sakaci ne wannan?"

"In sabunta in tuƙa me? Kujerar kanti? Rabona da cikin jirgin nan har na manta launin kujerunsa."

Stamatis ya kashe waya. Ya yi tafiya daga tashar ruwa zuwa ɗan filin jirgin tsibirin, ya tsaya jikin wayar shinge yana kallon awaki na kiwo a gefen titin sauka. Sama garau, ko iska babu, rana ce irin wadda matuƙa ke roƙo. Ya buɗe shafin, ga sunansa ja a kan yau, ja a kan gobe. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa.

Ya daɗe yana kallon lambar Fotini kafin ya iya latsawa. Kunya ba ta kisa, amma ranar ta kusa.

Ta saurare shi har ya gama. Ba ta ambaci addu'ar arba'in ba, shi kuma ya fi jin zafin rashin ambaton.

"Kirye Stamatis," ta ce, wato Malam Stamatis da yarensu, "ka san doka kamar yadda na sani. Ba na ɗaukar fasinja sai na tashi na sauka sau uku cikin wata ukun da suka wuce. Ni kuwa rabona da tashi tun kafin Babana ya kwanta."

"Wa zai gani? Ni kaɗai ne fa!"

"Ni zan gani. Hannuna ya yi sanyi, kuma filinku gajere ne, teku gaba dutse baya. Zan je in yi ukun nan ni kaɗai, sannan in zo. Amma ka fara cire sunanka, in ba haka ba shafin ba zai ba ni lambar makulli ba."

Jama'a, kun san mutumin nan bai san inda ake cire suna ba? Ya latsa nan, ya latsa can, gumi na zuba. Sai da Fotini ta riƙa nuna masa ta waya kamar mai koya wa tsoho. Hanyar kamawa kaɗai ya taɓa koya.

Fotini ta rufe asibitinta, ta bar mutane da kyanwoyinsu, ta tafi fili. Jirgin da ya yi watanni ba a taɓa shi ba, ai ba zai tashi da an ce tashi ba. Batir ya mutu. Da makaniki ya buɗe murfin injin, ya tarar tsuntsaye sun yi sheƙa a ciki har da ƙwai. Ya ce ba zai sa hannu jirgin nan ya tashi ba sai ya bi shi kaf. Kafin ya gama, rana ta yi ƙasa, filin tsibirin kuwa ba shi da fitilu.

"Sai da safe," in ji Fotini. "Zan yi iya ƙoƙarina."

Stamatis ya kira ɗansa.

"Nikitas, ku ɗaga abin nan zuwa yamma."

"Baba, limamin cocin yana da wani baftisma bayan namu, da ɗaurin aure bayan wancan. Dangin matata sun taso tun daga arewa. In ce musu me?"

"Ka ce musu ina hanya."

"Kullum kana hanya, Baba."

Ya zauna a shagon gahawa na bakin tasha, tsofaffin da suka san shi tun yana yawo ba takalmi suna buga ludonsu suna tsokanarsa. Ɗaya ya ce, "Stamatis mai jirgi, ara mana mu je kasuwa mana." Ya yi yaƙe. Sarƙar zinaren na cikin aljihunsa, yana ta juya ta da yatsu. Tsibirin da aka haife shi a ciki, ranar nan ya zame masa kurkuku.

Lahadi da hantsi ya ji ƙarar injin. Fotini ta yi ukunta tun da gari ya waye, ta sha mai, ta ƙetaro teku. Ta sauko da jirgin a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ko injin ba ta so kashewa ba.

"Shigo, ɗaura bel."

A sama ya so ya yi magana. Ya ce, "Fotini, maganar mahaifiyarki..."

"Bari, Kirye Stamatis. Ina lissafin iska."

Da suka sauka, ita ta ɗauke shi a motarta, ta ratsa cunkoson Atina da shi har ƙofar coci.

Tun daga nesa ya ga an fito. Mata na raba alewar biki, yara na guje-guje a farfajiya. Ga jariri cikin fararen kaya, gashinsa na ƙyallin man zaitun, a hannun tsoho Haralambos.

Nikitas ya taho wurinsa. Babu faɗa a fuskarsa, gajiya ce kawai.

"Mun ja lokaci iya yadda za mu iya, Baba. Da limamin ya tambayi suna, uwar baftismar, wadda ita ce za ta faɗi sunan, ta kalle ni, ni kuma na kalli ƙofa. Na daɗe ina kallon ta."

Stamatis bai tambayi sunan ba. Ba sai ya tambaya ba, don ga wata gwaggo can tana rawa da ƙafar jaririn tana cewa, "Haralambos ƙarami, Haralambos namu!"

Tsohon ya matso ya miƙa masa yaron da hannu biyu, ya ce, "Riƙe jikanka, suruki. Allah ya raya mana."

Ya karɓa. Yaron ya kama masa yatsa. Mutumin da bakinsa ba ya mutuwa a gaban injiniya ko lauya, ranar sai hawaye. Na tausaya masa ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ya sa wa yaron sarƙar a wuya duk da haka. Ba a yi wa yaro baftisma sau biyu.

Darasi: Abin da kuka haɗu kuka mallaka, kada ka riƙe shi don "kila in buƙata" alhali ɗan'uwanka na buƙatarsa yau. Duk ranar da ka hana abokin tarayyarka, hannun da zai cece ka gobe kake kashewa. Kuma in Allah ya haɗa ka da irin Fotini, wadda ka ƙuntata wa amma ta zo da ka kira, ka san ba wayonka ba ne, halinta ne. Ku tura wa duk wanda kuke tarayya da shi a kan wani abu, ko mota ce, ko shago, ko rijiya, kila wani ya saki abin da ya riƙe tun kafin ranarsa ta zo.