Wadda Aka Ce Ta Sa Guba a Tukunya

Akwai wata mai girki a wata babbar gonar kayan lambu, shekararta goma sha ɗaya tana ciyar da ma'aikata. Kowa Uwar Kicin yake ce mata.

Ma'aikatan daga ƙasashe daban-daban suka zo, kowa da abin da bakinsa ya saba, ita kuwa ta zage ta koyi na kowa. Ta iya capati, burodin nan mai faɗi da ake yagowa a dangwali miyar wake. Ta iya injera mai tsami-tsami, wadda ake shimfiɗawa a tire a zuba miya a kai, a cinye har da shimfiɗar. Ta iya shinkafar Larabawa da ake dunƙulawa a tafin hannu. Dukkansu da hannu suke ci, a rumfa ɗaya.

Manaja da mutanen ofis tukunyarsu daban, kuma da cokali suke ci. Idan Manaja ya ratsa ta rumfar sai ya yamutsa fuska ya ce, "Har yau dai ba ku waye ba."

Famfon da ake wanke hannu a rumfar ya yi sati biyu a lalace. Ranar Litinin Uwar Kicin ta sami Manaja har ofis, ta ce, "Ranka ya daɗe, in ba a gyara famfon nan ba, za a ga abin da ba a so." Washegari aka tarar da wani shuɗin durom cike da ruwa a jikin bango, da moɗa a kai. Ita daga famfon cikin kicin take ɗiban ruwanta, ko leƙa durom ɗin ba ta yi ba.

Rukunin farko suka ci abinci da sha biyu. Kafin ƙarfe ɗaya, wani dattijo mai tsinkar tumatir ya durƙusa, gumi ya jiƙa shi sharkaf, yawu na dalala daga bakinsa. Ana ƙoƙarin ɗaga shi sai wani ya faɗi a bayansu yana amai. Sai wata mata ta zube, jikinta na karkarwa, ƙwayar idonta ta ƙanƙance kamar kan allura. Wuri ya kaure da salati da kuka.

Mutum goma sha huɗu aka loda a motar kaya zuwa asibiti.

Uwar Kicin na tsaye da ludayi a hannu, sai ta ji muryar Manaja a kanta.

"Ke! Me kika zuba musu?"

"Ni? Ranka ya daɗe, ni?"

"Ba jiya kika ce za a ga abin da ba a so ba? To, ga shi mun gani!" Ya juya ga jama'a yana ɗaga murya. "Guba ta sa a tukunya! Ku kulle ta kafin 'yan sanda su iso."

Mutanen da ta shekara goma sha ɗaya tana ciyarwa suka dare, suka ba ta hanya. Ba wanda ya yarda suka haɗa ido.

Mai gadi ya tura ta ɗakin ajiyar albasa. "Iya, ki yafe ni, umarni aka ba ni," in ji shi, ya datse kwaɗo.

Ta zauna kan buhu. Ta bi girkin nan tun daga farko: man sabo ne, waken ita ta tsince, naman da safe aka kawo. Ta ɗanɗana kowace tukunya sau biyu. To ko ita ma yanzu za ta faɗi? Ta taɓa goshinta, ta haɗiye yawu ta ji ko ya ƙaru. Idan mutum ɗaya ya mutu, wa zai saurare ta? 'Ya'yanta uku za su tashi ana nuna su, ana cewa ga 'ya'yan mai guba.

Wajen ƙarfe biyu ta leƙa ta tagar ƙarfe. An rufe tukwanenta, an ɗora musu duwatsu. Mutum goma sha huɗu na kwance tsakanin rai da mutuwa, amma damuwar Manaja kada aiki ya tsaya, ya sa ana raba wa rukuni na biyu burodi da kifin gwangwani.

Can sai ta hango direban tarakta, wanda ake kira Ƙi-Ruwa saboda rashin shirinsa da wanka. Yana tafe garau, har da sakace.

"Ƙi-Ruwa! Zo nan. Ka ci abincina yau?"

"Gwaggo, ni da abinci? Faranti biyu, na ƙara da injerar wani da ya tashi ya bari."

"Ba ka jin komai?"

"Sai nauyin ciki."

"Ka wanke hannu?"

Ya sosa ƙeya. "Haba Gwaggo, ana cikin wannan tashin hankali ma sai kin yi min faɗa?"

"Na ce ka wanke?"

"Na dai goge a wando."

Sai ta fara lissafi. Shi ya ci ya fi kowa, bai taɓa ruwan durom ba, ga shi lafiya. Ita ma ta ci, ba ta taɓa ba. Dattijon da ya fara faɗuwa kuwa, har gwiwar hannu yake wankewa kullum, ya kuskure baki.

Ta ɗaga ido. Mutum wajen talatin sun yi layi a gaban durom ɗin, na farko ya riga ya ɗebo.

"Kada ku taɓa ruwan nan!" Ta girgiza ƙarfen taga tana ihu har muryarta ta dushe. "Ƙi-Ruwa, ruga! Ruwan ne!"

Ya kwasa a guje, ya doke moɗar daga hannun mutumin, ya tare gaban durom ɗin ya baza hannuwa. "Yau duk sai kun koma irina!"

Ana cikin haka 'yan sanda suka iso, aka fito da ita. Ta wanke hannu a famfon kicin, ta ture dutsen da ke kan babbar tukunya, ta dunƙula shinkafa ta kai baki a gaban kowa. Loma uku ta yi. Sannan ta ɗauki moɗar ta ɗebo ruwan durom ɗin ta miƙa wa Manaja.

"Na ci nawa, ranka ya daɗe. Ga ruwanka, bismilla, wanke hannu."

Ya mayar da hannuwansa baya.

"Wanke mana," in ji babban ɗan sandan.

Ya ƙi. Aka juya durom ɗin. A gefen da ke kallon bango akwai takardar da aka kankare rabinta, amma hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa yana nan. Mai kula da sito ya fashe da kuka.

"Wallahi na faɗa wa Manaja durom ɗin na maganin feshi ne. Ya ce a ɗauraye kawai, ai ba sha za su yi ba, hannu za su wanke."

"Hannu kawai?" in ji Uwar Kicin, tana kallon Manaja. "Da me kake ganin muna ci?"

Nan take aka buga waya asibiti aka faɗi sunan maganin, likitoci suka san abin yi. Allah ya kiyaye, ba a rasa rai ba, sai dai dattijon nan har yau hannunsa bai daina karkarwa ba. Motar da ta zo ɗaukar mai girki, da Manaja ta tafi.

Mai gonar ya aiko mata da saƙon ta koma bakin aiki, ko kalmar haƙuri babu. Ta ce ba ta kunna wuta sai an wanke sunanta a inda aka ɓata shi. Kwana uku ma'aikata suna cin busasshen burodi, ba wanda ya yi ƙorafi. A rana ta huɗu mai gonar ya zo da kansa, ya tsaya a rumfa, ya fara magana ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, ranka ya daɗe," in ji ta. "Ranar da aka ce na sa guba, har na bakin titi ya ji."

Ya ɗaga.

Darasi: Wanda ya raina yadda mutane suke ci zai raina lafiyarsu, kuma idan ɓarna ta auku, kan mai rauni zai fara ɗora laifi. Kada a yanke wa kowa hukunci kafin bincike. Wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a, a gaban jama'a za a ba shi haƙuri, ba a saƙo ba. Haƙƙinsa ne, ba alfarma ba ce. Ku tura wa duk wanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa, ya karanta har ƙarshe.