Robar da Lawal Ya Ƙi Canzawa

Akwai wani direba a Gwandu, Lawal, da ya sayo motar dizal mai turbo a shekarar 1994, irin wadda ake cusa wa injinta iska don ƙarin ƙarfi. In ya taka ta, sai ta riƙa wani siririn fito. Lawal kuwa ya mace a kan fiton nan, ji yake kamar bisa gajimare yake tafiya.

Wata rana a Kambaza, wani tsohon bakanike, Basharu, ya shafa ruwan sabulu a robar da ke haɗa bututun iskar. Kumfa ta taso.

"Ɗana, wanga fito ba ado ba na, iska ka hita. Robar ta tsuhe, bari in sa maka sabuwa."

Lawal ya yi dariya. "Baba, kai injin ban-ruwa ka sani."

Ya yanko robar tayar keke ya ɗaure wurin tamau, yadda muke ɗaure komai tun daga ƙotar fartanya har bokiti.

Bayan mako biyu aka aiko daga Kalgo: Kubura, yayar mahaifiyarsa Inno, tana kwance rai a hannun Allah, ƙanwarta kawai take kira.

Lawal da Inno suka kama hanya da hantsi. Shinkafa ta yi kore shar a fadama, balbelu na shawagi. Inno ta jingina kai da taga, tana ba shi labarin yadda Kubura ke goya ta zuwa tsinkar bado suna yara. Ta lumshe ido, kamar tana can.

Sun wuce Kambaza da nisa sosai, sai fau! Robar ta fashe, baƙin hayaƙi ya turnuƙe, mota ta kasa ko hawa ɗan tudu.

Da ƙafa Lawal ya koma wurin Basharu, kunya kamar ta kashe shi. Tsohon bai goranta masa ba. Ya zo ya sa sabuwar roba, ya matse ta, aikin bai kai minti goma ba.

Sun shiga Kalgo bayan la'asar, maza na dawowa daga maƙabarta.

Inno ta wuce cikin gida. Matan gidan ta tambaya, "Ta neme ni?"

Suka ce, "Har azahar tana kallon ƙofa."

Darasi: Girman kai kan hana mutum ƙaramin gyara, kuma sau da yawa wani ne ke kwana a ciki. Ku saurari wanda ya sani, ku gyara tun da wuri. Ku tura wa direbobin da kuka sani.