Yalwa da Daɓen Ɗakin Uwarta

Ga ta nan, ga ta nanku, in kun gama mutsu-mutsun.

Ta zo mu ji ta, Iya.

To ku matso, ba zan ɗaga murya don na baya ba.

A wani gari an yi wata mata, sunanta Gwamma. Ita ce mai ba da waƙa in za a yi daɓe. Ku siminti kuka taso kuka gani. A da, in an gina ɗaki, sai a zuba tsakuwa da jar ƙasa, a yayyafa ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa. Sai mata su durƙusa a jere, kowa da madaɓinta, su yi ta bugu har ƙasa ta yi sumul kamar bayan ƙwarya. Ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi. Waƙar ce ke haɗa hannuwa. In ta tsaya, hannu ya tsaya. In kuwa ƙasa ta sha iska ba a gama ba, sai ta tsage.

Sai Gwamma ta tsufa. Tari ya cinye muryarta, sai raɗa kawai. Sai damina ta zo ta rushe mata ɗaki. 'Yarta Yalwa ta yi ta fama da rani har aka ta da wani, aka yi rufi, saura daɓe. Mai magani ya faɗa mata a fili, in tsohuwa ta sake kwana a kan danshi wata daminar, tarin nan ba zai bar ta ba.

Sai Yalwa ta bi maƙwabta gida-gida. Kowa ta ce madaɓi dai akwai, hannu ma akwai, amma wa zai ba da waƙa? Yalwa ta ce ita. Ba a cikin waƙar aka haife ta ba?

Sai ta koma gida ta sami wata babbar randa da ba ruwa. Ta tura kai ciki ta rera. Sai ta ji murya ta cika randa, ga kauri ga zaƙi. Ta ce ashe abin a jini yake. Kullum da hantsi sai ta tura kai a randa. In maƙwabciya ta shigo ɗibar wuta, sai ta tare ta ta ce yaya kika ji? Wannan ta ce ma sha Allah. Waccan ta ce ai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Ranar daɓe mata suka cika ɗaki. Aka yayyafa makuba. Yalwa ta ɗauko waƙa. Madaɓai suka sauka tim, tim, sai muryar ta ɓace a ƙarƙashinsu kamar kukan sauro a maƙera. Ta ƙara ƙarfi. Ta kai inda waƙa ke hawa sama, sai murya ta karye. Na gaba suka yi sauri, na baya suka yi jinkiri, wata ta buge yatsar wata. Aka tsaya ana ba da haƙuri. Kafin a sake shiri ƙasa ta sha iska. Washegari daɓe ya tsattsage kamar bakin tafki da rani.

Makubar da ta rage kuwa ta jiƙo ɗaya ce, don ɗorawa ba ta yi 'ya'ya ba a shekarar. Ga gabas ta fara yin duhu da yamma.

Yalwa ta kasa zama. Ta shiga ɗaki ta duba tsaga, ta fito ta duba sama, ta ji tarin uwarta a rumfa, ta sake shiga. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta ɗora tukunya ta manta ba ta hura wuta ba. Sai ta figi mayafi ta nufi gidan Tabawa, wadda ta fi kowa yabonta.

Ta ce me ya sa kika ce na iya?

Tabawa tana tankaɗe, ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce, "Kin tare ni da garwashi a hannu kina tambaya. Yabo ai kyauta ne, shi na ba ki. In gaskiya kike so, ita da ciniki."

Sai aka shiga ciniki. Tabawa ta ce a surfa mata geron sunan jikanta duka. Yalwa ta ce albarka, gaskiyar ba ta kai haka tsada ba. Tabawa ta ce to ta je ta saya a wani gidan. Yalwa ta kai bakin ƙofa, ta ga ba a kira ta ba, ta dawo da kanta. Suka daidaita a kan rabi, amma Tabawa ta tsaya a gefen turmi tana ji.

Yalwa ta ɗau taɓarya ta fara waƙa. Ba ta yi nisa ba Tabawa ta ɗora mata hannu a ciki ta ce nan fa barci yake. Ta ce, "Da wuya kike waƙa, kamar mai kai tsegumi. Uwarki daga cibiya take ɗaukowa." Ta ce in taɓarya ta tashi ta ja numfashi har ciki ya kumbura, in ta sauka ta saki. Yalwa ta yi, ta sarƙe. Ta sake, ta yi tari. Tabawa tana dariya tana cewa a ƙara gero. Haka suka yi ta yi, safe da yamma, har ranar da kaji suka watse daga gindin turmi don ƙarar murya. Sai Tabawa ta ce iyakar kunnenta ke nan. Maganar hawa sama kuwa sai Ladingo ta ƙetaren rafi.

Yalwa ba ta ko wanke hannu ba ta kama hanya.

Da ta isa ta faɗi buƙatarta, sai Ladingo ta ce a cika mata randunanta kullum har ruwan sama ya sauka. Yalwa ta ce randa ɗaya. Ladingo ta ce ɗaya da ta akuyoyi. Yalwa ta ce akuyoyi suna da ƙafa, rafi ga shi nan. Aka bar shi a ɗaya.

Sai Ladingo ta tsayar da ita a wancan gacin rafi, ita ta zauna a wannan, ta sa 'ya'yanta mata suna lugude a kusa da kunnenta. Ta ce in ta ji kalma ta fito sarai za ta ɗaga mayafi. Yalwa ta rera. Ta kai wurin hawa, ta yi tsalle, murya ta karye. Mayafi bai motsa ba. Ta sake. Bai motsa ba. Ladingo ta aiko yarinya ta ce a faɗa mata ta daina faɗa wa sama kamar akuya a katanga, ta hau kamar mai hawa tsanin rumbu, ƙafa bayan ƙafa, ta kuma buɗe baki, ba wanda zai sace mata haƙori.

Ran Yalwa ya ɓaci. Ta ce ita za a aiko wa yarinya? Ta ɗau tulunta ta tafi. Tana cikin tafiya sai iska mai ƙanshin ƙasa ta bugo ta daga gabas. Sai ta juya da gudu ta koma gaci.

Ta fara daga ƙasa, ta ƙara kaɗan, ta tsaya inda murya ta fara rawa. Washegari ta wuce wurin da kaɗan. Maƙogwaro ya yi zafi, Ladingo ta hana ta waƙa yini guda, ta ce murya ba jaki ba ce. Yinin nan Yalwa ta share tsakar gida har ta fara tone shi. Da ta koma, sai ta hau, ta hau, ta kai can, ta zauna daram. Sai ga mayafi a sama.

Ta dawo gari tana taku ɗai-ɗai. Ta ce gobe daɓe. Sai ta haɗu da Dudu a bakin rijiya, wata gajeruwar mata da kullum ita ce a ƙarshen layi wajen bugu. Dudu ta ce ta ji ta daga rafi, murya ta yi kyau, amma ita ba za ta zo ba.

Yalwa ta ce don me?

Dudu ta miƙa mata madaɓi ta ce ta durƙusa. Ta durƙusa. Ta ce ta sunkuya ta yi bugu. Sai Dudu ta miƙe tsaye ta ɗauko waƙa can sama, ta ce to amsa. Yalwa ta buɗe baki, ciki a matse, kai a ƙasa, sai wani ƙiƙi ya fito kamar ƙofar da ta yi tsatsa.

Dudu ta ce, "Kin ji mu ke nan. Ke kina tsaye, mu muna duƙe. In kin fara daga saman bishiya, wa zai bi ki? Sauko inda muke ki ɗauke mu, sannan ki hau ke kaɗai ki dawo."

Yalwa ta ce nawa ne wannan? Dudu ta ce ɗakinta ne na gaba a daɓe, kuma Yalwa ce za ta ba da waƙa. Yalwa ta ce ta yarda, amma kowa da makubarta.

Sai ta koma neman muryar ƙasa. Da sassafe, lokacin da murya ke da nauyi, su uku, Tabawa da Ladingo da Dudu, suke zuwa su duƙa a tsakar gida suna bugun ƙasa da tafin hannu. In ta yi sama da yawa Dudu ta yi shiru. In numfashi ya gaza Tabawa ta nuna ciki. In ta yi tsalle Ladingo ta yi kukan akuya. Kowace safiya hadari yana ƙara matsowa, Yalwa tana waƙa ido na sama.

Ranar da aka fasa tsohon daɓe aka jiƙa makubar ƙarshe, gari ya tashi ba rana. Mata suka duƙa. Yalwa ta ɗauko a ƙasa-ƙasa:

Ƙasa ki kwanta, ba faɗa muka zo ba.

Suka amsa: Kwanta, kwanta.

Gara ki koma, nan ba gidan ubanki ba.

Kwanta, kwanta.

Madaɓai suka sauka kamar hannu ɗaya. Ta hau, murya ta bi ta saman bugun ta fita ta taga. Daɗi ya ɗebe ta ta zarce, sai ta ji amshin Dudu ya koma "sauko, sauko". Sai ta sauko. Ta sa sunan Tabawa a waƙa, ta ce mai sayar da gaskiya da mudu, mata suka yi dariya hannu bai tsaya ba. Aka ci rabin ɗaki. Aka yi tsawa. Iska ta fara ɗaga ciyawar rufi. Yalwa ba ta tsaya ba har layi ya ja da baya ya fita ta ƙofa.

Aka rufe ɗaki don daɓe ya bushe. Hadarin ya yi ta kai-kawo bai zuba ba, Yalwa ma tana kai-kawo a bakin ƙofa. Da ya bushe sai aka kamo Gwamma. Ta cire takalmi ta shiga tana shafa ƙasa da tafin ƙafa, lungu-lungu. Ko'ina sumul. Sai dab da ƙofa ta tsaya. Wata 'yar tsaga ce, siririya kamar zare.

Ta yafito 'yarta, ta raɗa mata a kunne, "Nan kika haɗiyi yawu."

Yalwa ta ce haka ne.

Tsohuwa ta yi dariya har tari ya kama ta. Ta ce nata daɓen na fari, ɗan tsako ya faɗa tsagarsa sai da aka sa ludayi. Ta ce a shigo mata da gadonta. Ana ajiye ƙafar gado ta ƙarshe ruwa ya kece. Ya kwana ya yini yana zuba, ƙasan ɗaki ko gumi bai yi ba.

Ƙurunƙus kan kusu, ta ƙare, kowa ya kama gabansa. Wanda ya ce kin iya bai ba ki komai ba. Wanda ya nuna miki inda kika karye, biya shi, amma ki taya tukuna.