Sarkin da Ya Ƙirga Dubu-Dubu

A wani zamani mai tsawo, can bayan kogunan da 'yan fatake ba su taɓa hayewa ba, an yi wani ƙasaitaccen sarki a Birnin Zarmandu mai suna Jatau, wanda dukiya da mulki suka yi masa yawan da bai taɓa ƙirga wani abu ɗaya-ɗaya ba. Shanu garke-garke ake faɗa masa, dakaru runduna-runduna, hatsi kuwa rumbu-rumbu. Abu ɗaya tak ya mallaka wanda ba shi da na biyu, wato jaririyar 'yarsa Lantana, wadda mahaifiyarta ta rasu wurin haihuwarta. Sarki ya rantse shi zai raine ta da hannunsa.

Wata rana ya sa aka ƙone wata fadama domin a faɗaɗa ganuwa, bai san zuriyar wata aljana mai suna Gwaramma ce ke zaune a ciki ba. Aljanar ta zo fada cikin siffar tsohuwa, ta ce, "Allah ya ba ka nasara, ka ƙone mini jikoki."

Sarki ya ce, "Kamar dubu nawa ne? A biya ki diyya."

Wayyo, da bai faɗi haka ba! Kafin dogarai su motsa, sai ga Sarki a cikin wani ɗaki na tagulla a ƙarƙashin ƙasa, ba taga, ba fitila, ba abin da yake ji sai numfashinsa. Murya ta fito daga bango ta ce, "Ya kai Jatau, kowane jikana da sunansa. Ƙofar nan ba za ta buɗe ba sai ka ƙirga daga ɗaya zuwa dubu ɗari biyu. In ka yi kuskure ka koma farko. In ka bi su ɗaya-ɗaya, za ka tarar da duniya yadda ka bar ta, 'yarka ko juyi ba ta yi ba. In kuwa ka yi tsallake, ƙofa za ta karɓa, amma kowace lamba da ka tsallake, sa'a guda ce za ta wuce a gidanka ba ka nan."

Sarki ya fara. A gaskiya ya yi ƙoƙari, kada a tauye masa haƙƙi. Ya ƙirga har leɓunansa suka tsage, harshe ya yi masa nauyi kamar taɓarya. Ya kai dubu tara, gyangyaɗi ya fizge shi, ya koma ɗaya. Ya sake hawa har ya wuce dubu talatin, sai ya tuna kukan Lantana, lissafi ya kuɓuce masa, ya koma ɗaya. Ya buga kai da bango, ya yi kuka irin wanda sarakuna ba sa yi a gaban mutane. Ga duhu, ga zafi, ga bango yana matso shi.

A hawa na uku, da ya kai dubu arba'in, tsoron kuskure ya kama shi. Ya ce a ransa, "In na tsallake ɗari, ai 'yan kwanaki ne. Jaririya ba za ta sani ba." Ya tsallake. Ƙofa ta yi ƙara, wani siririn haske ya shigo. Kai, daɗin da ya ji! Ya ƙara ɗari, ya ƙara wata. Daga nan fa tsohon hali ya motsa, bakinsa ya koma irin ƙidayar fada, yana tsallakawa dubu-dubu: "Dubu arba'in da ɗaya, dubu arba'in da biyu, dubu arba'in da uku." Haske na ƙaruwa, shi kuwa yana ta zubawa, bai tsaya ya lissafa abin da yake zubarwa ba, har ƙofa ta wangale.

Ya tsinci kansa a ƙofar fadarsa, ana ta buga tambura, malamai da hakimai sun cika zaure. Ƙaninsa Ciroma Barau, wanda ya bari saurayi, na zaune a kan karaga da furfura a gemu. Da ya ga Sarki sai ya zabura ya sauko, ya faɗi yana kuka ya ce, "Zaki, ga sarautarka, amana na riƙe maka. Ka zo a kan gaɓa, yau ake ɗaurin auren Lantana da Yarima Bawale na ƙasar Gamji, wanda ita da kanta ta zaɓa."

Sarki ya hau karagarsa, ya ba da auren 'yarsa da muryar da ƙidaya ta disashe. Aka shafa fatiha, gari ya ɗauki guɗa.

Da la'asar aka kawo amarya ta yi sallama kafin a tafi da ita. Doguwa ce, mai kama da mahaifiyarta sak. Ta durƙusa nesa da shi cikin ladabi, ta ce, "Allah ya ja zamanin Sarki." Sarki ya miƙa mata hannu. Sai ta juya wajen Ciroma, ta kifa kai a gwiwarsa, ta fashe da kuka tana cewa, "Baba, yaya zan yi in tafi in bar ka?"