Likita da Alamar da Ta Gusa

Wani manomi ne ya hau rumbunsa da safe domin ya gyara jinka kafin damina ta sauka. Itacen da ya taka ya karye, ya faɗo ta baya a kan turmi. Sa'ad da aka ɗaga shi yana iya motsa ƙafafunsa duka biyu, amma ya kāsa tsayawa, gama gaɓa ɗaya ta ƙashin bayansa ta tsage. Matarsa da 'yan'uwansa suka shimfiɗa shi a kan ƙyaure, suka kai shi wani babban asibiti a birni.

A asibitin nan akwai likita, gwanin aikin ƙashin baya. Hannunsa ba ya rawa, amma bai yarda da kowa ba. In an ce an wanke kayan aiki, sai ya ɗaga su a haske ya duba. In an ce an rubuta sunan mara lafiya daidai, sai ya karɓi takardar ya karanta da kansa. Ma'aikata na jin takunsa, hira ta mutu.

Ranar aikin, ya sami matar manomin zaune a bakin gado da kwano a rufe.

Ya ce, "Mama, na ce kada ya ci kome tun jiya. Kin ba shi kunu?"

Ta ce, "Ko ruwa bai sha ba, Likita."

"Buɗe kwanon in gani."

Ta buɗe, ga kunu cike har baki. Ta ce, "Nawa ne. Ko ni ma za a yanka ni?"

Bai yi dariya ba. Manomin ya kama bakin rigarsa ya ce, "Likita, zan tashi da ƙafafuna? Ina da shanun huɗa biyu, ba mai bin su sai ni."

Likita ya amsa ya ce, "Za ka tashi, Baba, in dai mutanen nan ba su ɓata mini aiki ba."

Yanzu dole in bayyana yadda ake wannan aiki, gama in ba a gane shi ba, misalin ba zai fito ba. Domin a ɗaure gaɓar da ta tsage, ana kafa ƙusoshi huɗu a cikin ƙashi, biyu a sama da ita, biyu a ƙasa. Hanyar kowace ƙusa siririya ce ƙwarai, a gefenta kuwa laka take, da jijiyoyin da ke sauka zuwa ƙafafu. Idon likita ba ya ganin cikin ƙashi. Saboda haka akwai na'ura mai nuna masa hanya. Ana maƙala wani ɗan ƙarfe a jikin ƙashin da ke lafiya, mai ƙwallaye huɗu masu ƙyalli a kansa, shi ake ce wa alama. Sa'an nan a ɗauki hoton bayan da alamar tare. Daga nan kyamara tana kallon alamar, allo kuma yana nuna wa likita inda kayan aikinsa suke a cikin ƙashin. Ku riƙe wannan da kyau: na'urar ba ta ganin ƙashi. Alamar kaɗai take gani, tana ɗauka cewa inda aka kafa ta, a nan take har yanzu.

Aka sa manomin barci, aka kifa shi rubda ciki. Likita ya kafa alamar da hannunsa, ya dubi kowa ɗaya ɗaya, ya ce, "Wanda ya taɓa wannan, yau aikinsa ya ƙare a asibitin nan."

Ya kafa ƙusa ta fari, ta shiga daidai. Ta biyu ma haka. Sa'ad da ya miƙa hannu zuwa ɗaya gefen, sai gwiwar hannunsa ta gogi alamar. Ta gusa kaɗan, bai fi faɗin ƙwayar masara ba. Shi bai ji ba. Allon ma bai nuna kome ba, hoton yana nan tas kamar dā.

Mutum ɗaya ce ta gani, wata tsohuwar nas mai miƙa masa kayan aiki, wadda ta yi shekara talatin a ɗakin tiyata. Ta san halinsa. Duk da haka ta ce, "Likita, alamar ta motsa."

Ya tsaya cik. "Wa ya taɓa ta?"

Ya juya ga mutumin da ke kula da na'urar. "Kai ne. Ɗazu na ga inuwarka ta nan."

Mutumin ya ce, "Ranka ya daɗe, ban bar kujerata ba. Tun safe tari ma riƙe shi nake yi."

"To ke ce, Sista. Ke kika fi kowa kusa."

"Ba ni ba ce."

"Aljani ne ke nan ya shigo da safar hannu?"

Ta ce a hankali, "Gwiwar hannunka ce, Likita. Sa'ad da ka miƙa."



Ya ce, "Da na taɓa, da na ji. Dubi allo. Kin ga wani abu ya karkace?"

Ta ce, "Ka ɗora tsinken awo a kan ƙashin da kake gani da idonka, mu ga ko allon zai yarda. Minti ɗaya ne."

Amma likita ya yi tunani a zuciyarsa ya ce, "Makon jiya na tsawata wa matar nan a gaban ɗalibai. Tun ran nan gaisuwarta ta gajarta. So take ta kunyata ni yau a gaban mutane." Ya dubi allon, allon kuwa ya nuna masa hanya miƙaƙƙiya. Sai ya ce, "Miƙo ƙusa." Ta miƙa masa.

Ya fara murɗa ƙusa ta uku. Bai kai rabi ba ya ji ta wuce da sauƙi, ba irin taurin da ƙashi yakan yi ba. A ƙarƙashin mayafi kuma ƙafar hagun manomin ta zabura sau ɗaya.

Sa'an nan ne ya ɗauki tsinken, ya ɗora a kan ƙashin da yake gani sarai. A allon kuwa, ga bakin tsinken can a gefe, cikin nama, bai ko taɓa ƙashi ba.

Ya zare ƙusar. Aka sāke ɗaure alamar, aka sāke ɗaukar hoto, ya gama aikin da kyau.

Manomin ya tashi, bayansa ya warke. Amma ƙafar hagu ba ta ƙara ɗaga kanta ba, jan ta yake yi a ƙasa, gama ƙusar ta ƙuje jijiyar. Ranar sallama matarsa ta tare likitan a ƙofa.

Ta ce, "Likita, ni ban yi makaranta ba, amma ina da ido. Da ƙafar nan yake motsi ran da kuka shiga da shi. Me ya same ta a ciki?"

Ya ce, "Hannuna ne, Mama. An faɗa mini, ban ji ba."

Ta dube shi, ta dubi mijinta da ke dogara sanda. Ta ce, "To wa zai bi mana shanun?"



Ma'anar wannan misali ita ce, kowannenmu yana aiki a kan ran wani. Uba a kan 'ya'yansa, mace a kan gidanta, dattijon ikkilisiya a kan jama'a, malami a kan yaran da ke zaune a gabansa. Ba mu ganin cikin zuciyar mutum, kamar yadda likita ba ya ganin cikin ƙashi. Muna bin abin da lamirinmu ya nuna mana. Lamiri kuwa kyauta ce mai kyau daga wurin Allah, kamar yadda na'urar nan take da kyau. Kada wani ya fita daga nan ya ce na hana zuwa asibiti. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, abin da aka ba ta shi ta nuna.

Amma lamiri yana gusawa, kuma ba ya ƙara sa'ad da ya gusa. 'Yar ƙarya ɗaya da muka saba da ita, ko fushin da muka kwana da shi har ya zama ɗan gida, ya isa ya ture shi. Abin tsoro shi ne, bayan ya gusa, da irin muryar dā yake magana. Yana ce maka kana kan hanya, kai kuwa kana murɗa ƙusa cikin jijiyar ɗan'uwanka da zuciya kwance. Shi ya sa mai bi zai riƙa komawa ga Maganar Allah, wadda ba ta motsi, ya ɗora tunaninsa a kanta ya ga ko sun yi daidai.

Ban ce likitan ya yi laifi da ya yi taka tsantsan ba. Aikinsa yana bukatar haka. Laifinsa shi ne, ya binciki kowa a ɗakin nan, ya bar mutum ɗaya, wato kansa. Na sha zama a taron dattawa ana neman wanda ya raba mawaƙan ikkilisiya gida biyu, ana kiran sunaye, mai binciken kuwa shi ne mafarin abin. Na ga uba yana zagaya unguwa yana tambayar wa ya lalata masa ɗa. Da wata mata ta gaya masa gaskiya cewa shi ne da kansa, sai ya fara bincikenta: me take nema, wa ya aiko ta, me na taɓa yi mata?

Ku lura kuma da wanda ya ɗauki raunin. Ba likitan ba ne, da ƙafafunsa ya koma gida. Wanda yake barci ne, wanda ya ba da bayansa bisa ga amana.

Yara, ku da kuke da iyaye masu tsawata muku, kuna da arziki ba ku sani ba. Ku manya, da ku nake. Masu iya duban mutum a ido su ce masa, "Hannunka ne," ba su da yawa, kuma suna raguwa da shekaru. Waɗansu mutuwa take ɗaukewa, waɗansu mu muke korarsu da bakinmu. In akwai sauran ɗaya a gidanka, ka je wurinsa yau bayan sujada, ka tambaye shi abin da ya gani, ka kuwa rufe bakinka har ya gama.