Gizo Ya Ɗaure Shamuwa a Gona

Ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ji.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Ƙoƙi matar Gizo tana da damin gero uku da ta rataye a saman murhu, inda hayaƙi ke kore ƙwari. Irin shuka ne, ko yunwa ta kai ina ba ta taɓa shi.

Shi kuwa Gizo, kun san shi da shegen wayo. Ya lura duk shekara in shamuwa ta sauka a kukar bayan gari, bayan 'yan kwanaki sai ruwa ya sauka. Da kaka ta yi, shamuwa suna haramar tafiya, sai ya ɗana tarko ya cafke guda, ya ɗaure ta a turke a tsakiyar gonarsa.

Ƙoƙi ta ce, "Maigida, wannan fa?"

Ya ce, "Ruwa na kamo mana. Kowa ya jira damina, mu da rani za mu ci tumu."

Shamuwa ta ce, "Malam Gizo, ni ba na kawo ruwa. Iskar da take koro hadari ita take koro ni, na dai fi shi sauri ne."

Ƙoƙi ta dubi igiya, ta dubi sama. Ta ce, "Igiyar nan daga ƙafarta zuwa turke ta ƙare. Da me za ta jawo girgije?"

Gizo ya ce, "Idona ya gani, ta zo, ruwa ya zo. Sauko min da dami."

Ya sussuke damin farko ya binne a busasshiyar ƙasa, ya ce, "Shamuwa, kira ruwa!" Shiru. Zabi suka tone suka cinye.

Ya ce ai turken ne ya yi gajere. Ya ɗaure ta a kan surin gara mai tsawo, ya binne dami na biyu. "Shamuwa, kira ruwa!" Shiru. Gara ta yi biki.

Na uku kam Ƙoƙi ta zauna a kai, ta yi magiya har da hawaye, don ta san in ya tafi babu tuwon bana. Gizo ya ce ya haƙura. Tana fita rijiya ya sure shi. "Shamuwa, kira ruwa!" Shiru. Kurege ya kwashe kaf.

Ana nan, iska ta juya. Gizo kuwa ya gaji da kamo wa shamuwa fara, ya tsinke igiya ya ce, "Tafi can, marar amfani!" Ranar da la'asar hadari ya haɗo, aka sheƙa ruwa har da ambaliya.

Kashegari gari ya fita shuka. Ƙoƙi na tsaye a bakin gona da ƙwarya wayam, sai ga Gizo da gudu yana tsalle.

"Ƙoƙi, na gano! Ashe saki ne yake kawo ruwa. Baɗi guda ɗari zan kama in saki!"

 Ƙoƙi ta saɓa fartanya ta nufi gonar maƙwabta ƙwadago, ko a sam mata tafi guda na iri.

To kun ji. In abu biyu suka zo a jere, kada ku yi saurin cewa na gaba ne ya haifi na baya. Ku nemi igiyar da ta haɗa su tukuna, in ba ku gan ta ba ku riƙe irinku.

Kungurus kan kusu, wutsiyar ku raba a tsakaninku.