Gaisuwa Bakwai ta Malam Barau

An ce wai a Malumfashi an yi wata mata mai suna Malama Hansatu, shugabar wasu mutum shida da suka ɗauki nauyin mayar da wani wasan waya zuwa Hausa, ba don ko sisi ba, sai don kishin harshe. Wasan na noma ne, wasu mutanen ƙetare suka ƙirƙire shi. Sharaɗinsu ɗaya: kowace magana tana da layinta a fayil, ba a ƙara layi, ba a ragewa.

Ranar da aka saki Hausar, murna ta koma ciki. Da manomin cikin wasan ya taka ƙofar mai gari, sai wasan ya ɗauke ɗif. Masu wasan na ƙetare suka aiko cewa in ba a gyara ba kafin Juma'a, za su cire Hausa daga jerin harsunansu. Abin ya yi wa Malama Hansatu ciwo ƙwarai, don wata tara suka yi suna wannan aiki.

Ta ce ruwa ba ya tsami banza. Ta raba fayil ɗin biyu, ta gwada kowane rabi, wanda ya kashe wasan ta sake raba shi, kamar mai neman ruɓaɓɓen tumatir a kwando. Kafin la'asar ta kama ɓarnar a rabon Malam Barau, tsohon hedimasta. Inda aka ba shi layi ɗaya na gaisuwa, malam ya zuba bakwai, tun daga ina kwana har yaya ruwa, sai lissafin layukan duka ya goce.

Aka taru a zaurensa. Nafi'u mai gyaran waya, wanda dama bakinsa ya fi hannunsa sauri, ya ce a goge shida a bar sannu kawai, malam kuma ya huta, tun da garin gyaran gira ya kusa tsone ido. Malam Barau ya gyara zama ya ce, "Shekara talatin ina koya wa yara ladabi. Ba da hannuna za a rubuta Bahaushen da zai shiga gidan mai gari da sannu tsirara ba. In haka ne, ku cire sunana."

Gaba kura, baya sayaki. In Malama Hansatu ta bi Nafi'u, ta rasa dattijon da ya fi su duka sanin harshen. In ta bi malam, harshen ne za a cire. Ta sake duba fayil ɗin, can ta tambayi Nafi'u mutum nawa manomin ke gaisarwa a cikin wasan. Ya ƙirga ya ce bakwai, kuma ban da mai gari duk sannu aka sa musu.

Sai ta ce, "Nafi'u ya yi gaskiya, ba za a ƙara layi ba. Malam ma ya yi gaskiya, ba za a zubar da gaisuwa ba. Baba, kai ka kawo kayan gida bakwai ka sauke a ƙofa ɗaya. Mai gari ya riƙe barka da hutawa, maƙeri a ce masa sannu da aiki, mai awo a tambaye ta kasuwa, maƙwabcin gona a yi masa yaya ruwa. Kai za ka raba, Nafi'u ya ƙirga."

Haka aka yi, ranar Alhamis wasan ya tashi lafiya lau. Bayan mako biyu masu wasan suka aiko suna tambaya, me ya sa a cikin harsuna ashirin, Hausa kaɗai ke gaida kowa da irin sana'arsa? Malama Hansatu ta karanta saƙon sau biyu, alfahari ya cika ta, ta miƙa wa Malam Barau wayar ta ce shi zai amsa. Malam ya sa tabarau, ya fara da tambayar lafiyar iyalinsu.

Shi ya sa masu hankali ke cewa, kayan da suka yi wa ƙofa ɗaya yawa ba zubar da su ake yi ba, gidajen da za su ɗauka ake nema.